Rijiyar Masallacin Layinmu: Yadda Ruwa Ya Ɗauke a 2023, Ya Dawo a 2025

## Layin da rijiyarsa, 2017 zuwa Mayun 2023

Layin yana yammacin Kaduna. Idan ka bar titin baifas ka kama hanyar Rigasa, za ka wuce bakinsa kafin ka kai tashar jirgin ƙasa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan kowa ba. Gidaje 46 ne daga bakin kwalta zuwa inda ya ƙare a wani kwazazzabo. Wasu gidajen mai gida ne da iyalinsa kawai. Wasu kuwa gidajen haya ne masu ɗaki takwas, goma, har goma sha biyu, kowane ɗaki da tukunyarsa.

Akwai tsohon bututun famfo a ƙarƙashin layin, amma yaran da ke sakandare yanzu ba su taɓa ganin ya ɗiga ba. Rijiyoyin cikin gida kuma ba sa kai mutane ƙarshen rani. Ƙasar Kaduna dutse ce daga ƙasa. Mahaƙi yakan yi gaba bakwai ko takwas ya iske fa, dole ya tsaya. Ruwan da ake samu shi ne wanda damina ta bari a saman dutsen. Tun Fabrairu guga ke fara hawowa da laka, kafin Afrilu kuwa sai dai ka ji ƙararsa a ƙasa. Gari ne da kogi ya ratsa tsakiyarsa, amma unguwanni da yawa da jarka suke rayuwa.

A 2017 wani Alhaji ɗan kasuwa, haifaffen layin da ya koma Unguwar Rimi, ya haƙa rijiyar burtsatse a harabar masallaci, sadaka ga mahaifiyarsa da ta rasu. Zurfinta mita 48. Aka zura mata injin sumo, wato injin da ke turo ruwa daga ƙasan rijiya, mai ƙarfin doki ɗaya, aka ɗora tankin roba biyu masu cin lita 3,000 kowanne, aka fitar da famfo huɗu a jikin katanga, ya kuma sayi janareta. Idan an cika tankunan sau biyu a rana ana samun lita 12,000, wato jarka 480 mai lita 25.

Kwamitin mutum biyar ne ke kula da ita: liman, ladan, wakilin mai unguwa da masu gida biyu. Kowane gida na ba da naira 500 a wata, wato 23,000 idan kowa ya biya. Wutar lantarki na yin kusan rabin aikin, janareta na yin sauran, awa huɗu a rana da lita huɗu ta fetur. Har farkon 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, saboda haka kuɗin na isa da ƙyar, kuma in an samu giɓi wani mai hali yakan cike ba tare da an yi magana ba. Ba a tambayar kowa daga ina yake. Wanda ya zo da jarka ya ɗiba ya tafi. Alhaji ya rasu a 2021, rijiyar ta ci gaba da aiki.

## Farkon matsalar, Yunin 2023

Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabin kama aiki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin kwana uku lita ta haura naira 500, a tsakiyar Yuli ta haura 600. Lita huɗun da ake saye ƙasa da 800 ta koma kusan 2,500 a rana, wajen 75,000 ke nan a wata.

Ladan ne ke sayo man. Wata rana bayan la'asar ya ajiye galan a gaban liman, man bai kai rabi ba, ya ce: "Allah gafarta Malam, kuɗin kwana goma ne suka ƙare a kwana huɗu. Gobe ban san da me zan tayar ba." A zaman da aka yi a daren ne aka ce in shiga kwamiti in riƙe littafi. Duk alƙaluman da ke cikin wannan rubutu daga littafin nan suke.

## Gwaji na farko: ƙara kuɗin gida, Yuli zuwa Oktoban 2023

Shawarar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce a ninka karo-karo. Aka mai da shi naira 1,500 kowane gida, abin da zai ba da 69,000 a wata. A Yuli gidaje 31 suka biya. A Agusta 22. A Satumba 14, wato naira 21,000, ƙasa da abin da ake tarawa lokacin da kuɗin yake 500.

Ni ne mai bin gida-gida, don haka na ji uzurin kowa da kunnena. A gidajen haya babu wanda za ka kama. Ɗan haya ya ce ka nemi mai gida, mai gida yana Kawo ko Mando, in ka same shi a waya ya ce shi ba ya shan ruwan layin. Damina kuma ta yi ƙarfi, kowa ya jera roba da baho a ƙarƙashin indararo, ba a jin zafin rashin famfo. Wasu suka ce ba za su biya wa mutanen wasu layuka kuɗin mai ba, tunda kullum suna ganinsu a bakin famfo ba ko sisi.

Akwai wata dattijuwa da mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki huɗu marayu. Ta miƙo mini kuɗinta a Yuli, a ƙulle a bakin zani, sannan ta ce: "Ɗana, ni da marayu huɗu gida ɗaya, gidan da ke kallonmu mai ɗaki goma sha biyu shi ma gida ɗaya? Ka faɗa wa su Malam, ban ƙi biya ba, amma a duba." Na ce to Inna, na kai saƙon. Kwamiti ya ce lissafi da ɗaki zai jawo rigima da masu gidajen haya, a bar shi tukuna.

A ƙarshen Oktoba ana bin kwamiti bashin mai na naira 38,000 a wajen wani mai bumburutu. Masu gida biyun da ke cikin kwamiti suka biya daga aljihunsu, suka ce wannan ne na ƙarshe.

## Gwaji na biyu: dogaro da wutar lantarki kaɗai, Nuwamban 2023 zuwa Maris 2024

Aka kulle janareta a ɗakin ajiya, aka ce duk lokacin da aka kawo wuta a tayar da sumo. A lokacin wutar layin ta fi zuwa tsakar dare, daga ƙarfe ɗaya zuwa wajen huɗu. Ladan ya koma kwana a masallaci. Yakan bar ƙwan da ke saman kansa a kunne don haskensa ya tashe shi, ya fita cikin sanyin hunturu ya danna makunni, ya zauna yana sauraron ruwa na zuba a tanki har lokacin kiran assalatu. Mutum ne da ya haura sittin. Wata huɗu ya yi a haka.

Ruwan da ake samu ya ragu zuwa cika ɗaya a rana, wata rana ma babu. Ana buɗe famfo bayan sallar asuba, kafin ƙarfe takwas ya ƙare. Mutane suka fara jera jarkoki tun dare, a ɗaure su da igiya ɗaya don kada wani ya yi tsallake. Duk da haka da wuya mako ya wuce ba a raba faɗa ba, yawanci tsakanin yara, wani lokaci ya kai ga iyaye.

Wutar kuma ba ta da ƙarfi. Akwai daren da ƙwai ke yin ja kamar garwashi. Mai gyaran da ke duba mana injin ya yi gargaɗi tun Disamba: in wuta ta yi rauni, sumo yana ƙoƙarin juyawa da abin da bai ishe shi ba, wayoyin cikinsa su yi zafi har su ƙone. Ya ce a sayi sitabilaiza, wajen naira 60,000. Babu kuɗin. Ranar 20 ga Fabrairu 2024 injin ya ƙone.

Matasa shida suka zaro shi, bututu goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya. Aka kai wa wani mai naɗin koyil a cikin gari, ya karɓi 35,000. An mayar da shi ranar 1 ga Maris, ya yi kwana tara, ya sake mutuwa ranar 10 ga wata. Washegari aka tashi da azumi.

Wanda ya yi azumin 2024 a Kaduna ya san irin zafin da aka sha. Rijiyoyin gida sun kafe. 'Yan garuwa suka mai da jarka daga naira 50 zuwa 150, kura mai jarka goma sha biyu ta kai 1,800, kuma sai ka yi musu magana tun jiya. 'Yan mata na gama sahur su ɗora jarka a ka, su tsallaka kwalta zuwa wata rijiyar kuɗi, su dawo rana ta take, an riga an rufe ƙofar makaranta. A gidana ruwan da aka wanke shinkafa da shi ake wanke kwanuka, na kwanukan a kai banɗaki. A masallacin da rijiyar ke harabarsa, kowa da butarsa yake zuwa daga gida.

Sai ranar 26 ga Maris aka zura sabon sumo na naira 185,000, kuɗin da aka tara a wajen tafsiri cikin dare goma sha biyu. Jimillar kwanakin da rijiyar ta yi a mace 26 ne.

A wannan tsakanin an rubuta wa masu riƙe da muƙami uku takardar neman taimako. Ɗaya ya aiko wakili, ya ɗauki hoton tankuna. Ba a sake jin komai ba.

## Gwaji na uku: miƙa rijiyar ga ɗan kasuwa, Afrilu zuwa Oktoban 2024

Bayan ƙaramar salla wani matashi ɗan layin ya kawo tayi. Shi zai sayi mai, shi zai yi ƙananan gyare-gyare, ya sayar da jarka naira 30, ya bar wa masallaci ruwan alwala kyauta, ya kuma riƙa ba kwamiti 10,000 a wata. Kwamiti ya gaji, aka amince cikin zama ɗaya.

Makonnin farko kowa ya yaba. Janareta na ruri tun safe, ruwa na zuba har magariba. Daga baya abin ya fara nuna wata fuska. Ribar matashin tana cikin yawan jarkokin da ya sayar, kuma ɗan garuwa mai jarka goma sha biyu da kuɗi a hannu ya fi yarinya mai bokiti ɗaya. Aka ja tiyo na musamman don kuraye. Mai buga bulo ya fara aiko da durom-durom. Matan layin suka koma jira a rana a bakin rijiyar masallacinsu, ga kuɗi kuma suna biya.

Janareta ya koma yin awa goma zuwa goma sha ɗaya. A ƙarshen Afrilu famfo ya fara tari, yana fitar da iska da jan ruwa. Mai gyara ya ce ba laifin injin ba ne. Ruwan rijiyar yana tsattsafowa ne a hankali daga tsagogin dutse, injin kuwa yana zuƙa fiye da yadda yake tarowa. In aka ci gaba, ko injin ya ƙone don ya yi aiki babu ruwa, ko yashi ya cinye shi. Saukar damina ce ta rufa asiri.

A Yuni babbar 'yar marigayi Alhaji ta zo har gidan liman. Ina wurin. Ta gaishe shi a durƙushe, sannan ta ce: "Allah gafarta Malam, Baba bai haƙa rijiyar nan don a sayar wa marayu ruwa ba. Lada muke nema wa kakarmu." Liman ya ce gaskiya ta faɗa, amma a nuna masa inda kuɗin mai zai fito. Ba ta da amsa, mu ma ba mu da ita.

Ranar 1 ga Agusta aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, ranar 5 ga wata gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya. Babu inda za a sayo mai, rijiyar ta yi kwana biyu shiru. A Satumba lita ta kusa 900, matashin ya mai da jarka 50. A Oktoba ta haura 1,000, ya ce 70. Aka fara kiransa da sunayen da bai cancanta ba. Na duba lissafinsa da idona: in aka cire mai, baƙin mai da gyaran janareta, abin da ke rage masa bai kai na ɗan acaɓa ba.

## Duhun Oktoba da ƙidayar mata, Oktoba zuwa Nuwamban 2024

Tun kafin nan an lalata babban layin wuta da ke zuwa Kaduna daga Shiroro. Ranar 21 ga Oktoba 2024 wanda ya rage, mai ɗauko wuta daga Ugwuaji zuwa Apir, shi ma ya faɗi, mafi yawan Arewa ta shiga duhu sama da mako guda. A layinmu kwana goma sha ɗaya ƙwai bai ƙyafta ba. Ranar 24 ga wata matashin ya kawo wa liman makulli ya ce a yafe masa.

A makon ne saƙo ya zo daga Malamar da ke koyar da matan aure a Islamiyyar layin ranakun Asabar da Lahadi. Ta aiko mijinta da tambaya biyu: jarka nawa rijiyar ke bayarwa a rana, kuma su wa ke ɗiba? Ta farko muna da amsarta a ƙiyasce. Ta biyu babu wanda ya sani a cikinmu, shekara bakwai da haƙa rijiyar.

Ta roƙi a ba ta mako biyu. Akwai naira 60,000 da matashin ya biya kwamiti cikin wata shida, aka sayi mai da su. Daga 4 zuwa 17 ga Nuwamba aka bar famfo kyauta ga kowa kamar da, ɗalibanta huɗu suna karɓa-karɓa a bakin katanga da littafin makaranta da biro. Duk jarkar da aka cika a ja layi, a rubuta gidan da za ta ko sana'ar da za a yi da ita. Sauran matan kuma suka bi gidaje suna ƙirga tukwane da kawuna, aikin da namiji ba zai iya ba, domin ba ya wuce zaure.

A matsakaici jarka 410 ake ɗiba a rana. Daga ciki 236 na shiga gidajen layin, 71 na zuwa gidajen maƙwabtan layuka, 103 kuma na sana'a ne: 'yan garuwa, mai wankin babura, mai wanki da guga, mai bulo, masu kunun aya da ƙanƙara. Wato jarka ɗaya cikin kowace huɗu kuɗi ake nema da ita. Gidaje 46 ɗin kuma tukunya 83 ce a cikinsu, mutum 540. In aka raba, kowane mutum lita goma sha ɗaya yake samu a rana, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya lita 20 take ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata don sha, girki da 'yar tsafta.

Ranar da aka karanta wannan a masallaci bayan isha'i, Malama na ɓangaren mata, bayan labule. Da wakilin mai unguwa ya tambayi abin da suke gani, ta ce: "Ranka ya daɗe, a daina lissafi da ƙofar gida, a yi da tukunya. Na sha da girki a bar shi sadaka yadda mai rijiya ya yi niyya. Wanda zai ci riba da ruwan ya biya. Kuma a raba mu da fetur."

Maganar sayarwa ce ta fi ɗaukar lokaci. Liman ya yi kwana uku yana dubawa, ya tuntuɓi wasu malamai, sannan ya yi bayani. Rijiyar waƙafi ce, irin Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina ya bar wa jama'a. Ba a hana mai ƙishi, ba a hana mai girki. Amma karɓar kuɗi daga mai sana'a don a raya waƙafin kansa, ba don aljihun wani ba, bai saɓa wa niyyar mai sadaka ba. 'Ya'yan Alhaji suka ce sun yarda.

## Sola, Disamban 2024 zuwa Janairun 2025

An nemi farashi a wajen masu haɗa sola uku. Biyu suka kawo lissafi da batura da inbata, kowanne ya haura miliyan uku. Na ukun ya ce batir ba shi da amfani a nan. A sa injin da ke aiki kai tsaye daga farantan sola, ya tura ruwa muddin akwai rana, tanki ya zama shi ne ma'ajiya. Batir yana mutuwa cikin 'yan shekaru, tanki kuwa ba ruwansa. Farashinsa naira 1,650,000: sabon injin, faranti huɗu, na'urar da ke tsayar da injin in ruwa ya yi ƙasa, da ƙarin tanki ɗaya mai lita 3,000.

'Ya'yan Alhaji suka ba da 600,000. Matan Islamiyya suka sadaukar da kwasar adashinsu ɗaya, 210,000. Aka yanka wa kowace tukunya 5,000, a biya sau biyu. Tukunya 74 suka biya, 370,000 ke nan, tara da suka rage na zawarawa da tsofaffi ne, an yafe musu tun farko. Aka sayar da janareta 130,000, sumon da aka saya a azumi 90,000. Ya rage 250,000, mai haɗawa ya yarda a biya shi 50,000 duk wata. Kowace Juma'a ana karanta sunayen waɗanda suka biya da abin da ya shigo, a kuma manna takardar a ƙofar masallaci da ta Islamiyya.

Ranar Asabar 11 ga Janairu 2025, wajen ƙarfe goma na safe, ruwa ya fara zuba a tanki babu ƙarar komai. Ladan ya daɗe tsaye yana kallon bututun.

Injin na aiki daga wajen tara na safe zuwa huɗu na yamma, yana ba da jarka 380 zuwa 400 a ranar da gari ya yi garau. Bai kai na da ba. Kowace tukunya na da kati: jarka uku kyauta a rana, biyar in mutanenta sun haura takwas. Maƙwabta daga wasu layuka jarka ɗaya kyauta, ƙari naira 20. Masu sana'a naira 50, a famfo ɗaya da aka ware musu, da tsakar rana kaɗai, kuma in tanki ya sauka ƙasa da rabi a rufe nasu. Matashin nan da ya mayar da makulli shi aka ɗauka ya tsaya a bakin famfo, albashi 25,000. Aka ƙara mata biyu a kwamiti, ɗaya ita ke riƙe da kwafin littafina.

## Bayan haka, Janairu zuwa Satumban 2025

A mako na uku ruwa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Aka kira mai haɗawa a firgice. Ya hau ya shafa yatsa a faranti ya nuna mana: ƙurar hunturu ce. Tun daga nan ana wanke su sau biyu a mako da sassafe, kafin su yi zafi. A Fabrairu ɓarawo ya kwance faranti ɗaya cikin dare. Sabo ya ci 95,000, aka kuma kai awo kasuwar Panteka aka ƙero firam na ƙarfe aka walde su ciki, 30,000.

An fara azumin 2025 ranar 1 ga Maris. Ba a yi kwana ɗaya babu ruwa ba, famfo bai yi tari ba har ƙarshen Afrilu, kuma ba a sake ganin igiyar jarkoki da dare ba. Kuɗin da ke shigowa a rani 90,000 zuwa 120,000 ne a wata, a damina ya sauka zuwa wajen 35,000. An gama biyan mai haɗawa a Yuli, wata ɗaya bayan alƙawari. A Agusta aka yi kwana biyar a jere hadari ya rufe rana, tankuna ba su kai rabi ba, babu kuma janaretan da za a tayar. Ruwan indararo aka sha. A ƙarshen Satumba naira 28,000 ce a asusu.

## Abin da nake gani

Duk wanda ya zo kallon rijiyar faranti yake ɗaga kai ya duba, kuma lallai sola ta raba mu da farashin fetur da raunin wuta. Ta kuma dace da rijiyar ta wata hanyar da ba mu yi tsammani ba: tana jan ruwa sannu a hankali cikin awa bakwai, daidai da yadda dutsen ke sakinsa. Amma da an kawo maganar sola a Yulin 2023, ba na jin za a tara kuɗinta. Mutanen da gida 14 kacal suka biya 1,500 su ne tukunya 74 suka biya 5,000, a lokacin da rayuwa ta fi tsada. Ba arziki suka yi ba. Sun ga an ƙirga su daidai, sun ga mai bulo zai biya, sun kuma ji ana karanta lissafi kowace Juma'a.

Gwaji na farko ya faɗi ne a kan ma'auni, domin ƙofar gida ba ta shan ruwa. Na biyu ya fi kowanne tsada: mun guje wa sitabilaiza ta 60,000 muka kashe 220,000 a kan injin, ban da abin da gidaje suka zuba wa 'yan garuwa cikin azumi, ban da barcin dattijo na wata huɗu. Na uku ba halin matashin ne ya kayar da shi ba. Mun ɗora abincinsa a kan yawan jarka, ya bi inda jarka ta fi yawa. Yau yana kan albashi, shi ne ke korar kura in tanki ya sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar dattijuwar nan. A Yulin 2023 ta faɗi abin da ƙidayar Nuwamban 2024 ta tabbatar, wata goma sha shida tsakani. Na kai saƙonta, da aka ce a bari na yi shiru, kuma bai kamata in yi shiru ba. Mu shida ne a kwamiti, babu wanda ke ɗora jarka a ka ko ya san ruwa nawa tuwon dare ke ci. Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo, mu kuwa ba mu tambayi masu ɗakin ba sai da suka aiko da kansu. Sayar da janareta ma kuskure ne, ina cikin waɗanda suka goyi baya, Agusta ta nuna mana.

Akwai sauran aiki. Jarka uku ga tukunya mai mutum shida ko bakwai ba ta kai lita 20 a kowane kai ba, manyan gidaje har yanzu suna sayen ƙari a waje. Naira 28,000 ba za ta sayi ko rabin injin ba in wannan ya tsaya. An kuma haƙa sababbin rijiyoyin burtsatse biyu a gidajen da ake ginawa bayan kwazazzabo, mai gyara ya ce mu sa ido a Afrilu mai zuwa. Malama ta riga ta nemi a sake ba ta mako biyu a Fabrairu, da littafi huɗu da biro.